Walimar Layin Jira

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mini walimar tafiya makarantar da ba ta ɗauke ni ba. Har gobe in na ji ƙamshin waina da miyar taushe sai kunnuwana su ɗau zafi.

Ni 'yar unguwar Koki ce, kuma sana'ar gidanmu turaren wuta da humra. Hajiyarmu ta gada a wajen kakata, ni kuma da na gama digiri na ɗora abin a waya, na fara aika kwalabe Abuja da Legas, har Jidda. Da ciniki ya buɗe sai na gane akwai abin da ban iya ba, wato yadda ake mayar da sana'ar tsakar gida ta zama kamfani. Shi ne na ƙudurta neman digiri na biyu a fannin kasuwanci, wanda ake cewa MBA, a wata makaranta a Turai. Shekara guda cur ina fama: jarrabawar lissafi da Turanci, rubutun dalilin da ya sa nake son zuwa, sannan intabiyu ta bidiyo da wata Baturiya mai yawan murmushi. Ita ce ta ce mini suna matuƙar son ɗalibai daga ƙasashe irin tawa, don ajinsu ya tara mutanen duniya. (Ni a zatona ni kaɗai take gaya wa haka. Allah sarki ni.)

A dangi mutum ɗaya ce ta ƙi abin tun farko, Baba Talatu, yayar mahaifina da ke aure a Zaitawa. Duk haɗuwarmu sai ta ce, "Ke jikar fatake, wai Bature ne zai koya miki ciniki? Zauna ki haɗa turarenki." Ni kuwa in ce, "Baba, ki dai sa albarka," a raina ina ƙirga ranar da zan kai mata takarda har ɗaki.

Wata Talata da hantsi, ina cikin naɗe kwalabe, saƙon makarantar ya shigo. Layin farko da Turanci yana cewa suna farin cikin sanar da ni. Ban ƙarasa ba na kurma ihu. Hajiya ta fito daga madafi da ludayi a hannu, ta ce, "Lafiya? Kunama ce?"

Na ce, "Hajiya, sun ɗauke ni!"

Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

To, a nan zan faɗi gaskiya, tunda tonon asirin kaina na zo yi. Na ga kalmar "waitlist" a ƙasa. Idona biyu na gan ta. Amma zuciya ta riga ta hau jirgi, sai ta raɗa mini cewa ai jerin masu jiran takardun biza ke nan. Na yarda. Na je aka buga mini takardar, aka lulluɓe ta da roba mai sheƙi kamar satifiket, ban sake karanta ta ba. (Ni da na ci jarrabawar Turanci da makin da na yi ta nuna wa mutane.) Hajiya kuwa ta ɗau waya. Kafin azahar labari ya kai Zaitawa da Madabo, kafin magariba an ƙara masa gishiri, an ce Turawan ne suka roƙe ni. Aka sa walima ranar Asabar bayan la'asar.

Ranar tsakar gidanmu ta cika maƙil. Waina, taushe, kaji, zoɓo. Na sha leshi da gwaggwaro, ina zaune a kujera kamar amarya. Wata ƙawar Hajiya ta kawo mini rigar sanyi a leda, ta ajiye kusa da ƙafata. Baba Talatu ta zo, ta ce "Allah ya sanya alheri" a taƙaice, ta samu gefe ta zauna. Ni kuwa da gangan na jingina takardar a kan teburi daidai saitin idonta.

Sai ga Kawu Sani, ƙanin Hajiya, ya shigo yin addu'a. Tsohon malamin Turanci ne, daga Madabo. Ya ɗau takardar, ya gyara tabarau, ya fara karantawa a zuci. Na ga ya kai ƙasa ya sake komawa sama. Ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "'Yar nan, zo mu je soro mu yi magana."

Baba Talatu ta ce, "A'a, Malam, karanta mana a nan mu ma mu ji daɗi."

Bawan Allah ya so ya rufa mini asiri. Ni ce da bakina na ce, "Kawu, karanta mata, ka fassara mata da kyau."

Ya dube ni da tausayi, ya fassara. Ya ce suna farin cikin sanar da ni cewa sun sa ni a layin jira. Ya ce kujerun ajin ƙayyadaddu ne, kuma suna rarraba su ne tsakanin 'yan ƙasa da baƙi daga ko'ina, don haka sai wani daga cikin waɗanda aka ɗauka ya fasa za a waiwayo ni.

Kowa ya juyo yana kallona.

Baba Talatu ta ce, "Wato dai ba a ɗauke ta ba?"

Kawu ya ce, "Ba a ɗauke ta ba, ba a kuma kore ta ba."

Ta ce, "Au, irin layin gidan mai ke nan. Ka wuni, kana zuwa kan famfo a ce ya ƙare."

Wasu suka ƙunshe dariya da mayafi. Da wutsiyar ido na ga ƙawar Hajiya ta miƙo ƙafa tana janye ledar rigar sanyin nan a hankali zuwa wajenta. Hajiya ta sunkuyar da kai. Wallahi wannan sunkuyawar ce ta fi komai yi mini ciwo. Na so ƙasa ta tsage. Ɗakina taku biyar ne kawai, kuma kowa jira yake in ruga in rufe ƙofa.

Ban ruga ba. Na miƙe, gwaggwarona ya karkace, na ce, "Eh, a layi nake, Baba. Kuskurena ne, ban karanta ba. Amma layin nan ba da ƙuri'a aka sa ni ba, jarrabawa na ci. Kuma ba zan fita daga cikinsa ba sai su da kansu sun fitar da ni. Kowa ya ci wainarsa, an riga an soya." Na ja faranti na zauna na fara ci. Ban ji ɗanɗanon komai ba, amma sai da na cinye biyar, ina kallon mutane ido cikin ido.

Washegari na karanta takardar har ƙarshe, sai na ga ashe sun ba da dama a aika ƙarin bayani. A rubutuna na farko na yi ta kwaskwarima, na kira kaina shugabar kamfanin kayan ƙamshi na zamani. Wannan karon na rubuta musu turaren wuta da sunansa, da yadda mata suke sayen kwalba a wajena ba su taɓa ganin shago ba, sai amana da ƙamshi. Na ce in fuska ɗaya daga Afirka suke nema don hoton aji, ba sai sun kira ni ba. In kuwa wadda ta san ciniki suke so, ga ni.

Bayan wata biyu suka amsa cikin ladabi: babu wanda ya fasa. A lokacin unguwa ta riga ta raɗa mini suna Hajiya Wetin, wato mai jira. Na daina ɓuya, in an kira in amsa da ƙarfi. Da shekara ta zagayo na sake nema, makarantu uku wannan karon. Biyu suka ce a'a. Ta ukun ta ce eh, kuma sai da na karanta "eh" ɗin sau huɗu, har ƙananan rubutun ƙasa, sannan na tafi Madabo ni kaɗai Kawu ya tabbatar mini. Hajiya ba ta ji ba sai da biza ta hau fasfo.

Abin da na koya shi ne, in Bature ya ce yana farin ciki, nasa farin cikin yake nufi, sai ka kai ƙarshen takarda za ka san ko da kai a ciki. Hajiya ta ce lallai a kira mai waina a sake tara mutane. Na ce ko kusa. Mutanen Koki sun ci walimar nan tun bara, tafiyar ce kawai ta makara.