Ɓarawon Netwok

Wani mutum ne ya sayi rauta sabuwa fil, wato na'urar raba netwok a gida, irin mai ƙaho biyun nan, ya ɗora ta kan kabad kamar kofin gasa. Mutumin ba mugu ba ne, sai dai Allah ya zuba masa zargi. Ko takalminsa ne ya shige ƙarƙashin gado, sai ya fara tunanin baƙon da ya zo jiya.

Ana nan sai ranar da matarsa za ta yi intabiyun neman aiki ta kwamfuta. Ta daɗe tana bin aikin nan, ranta duk yana kansa. Tun da safe ta shirya, ta zauna gwaji, sai hoto ya riƙa sandarewa.

Ta ce, "Baban yara, netwok ɗin nan rarrafe yake. Kira mana mai gyara, da azahar za su kira ni."

Ya ce, "Mai gyaran me? Ina raye?"

Ya ɗauki wayarsa ya ɗaga sama, yana zagaya gida. A falo sabis kaɗan-kaɗan. Ya fita baranda, ya ƙaru. Yana isa ƙofar maƙwabcinsu, sabis ya cika fal. Maƙwabcin nan kuwa bawan Allah ne, ranar da suka tare har firij ya kama musu.

Gogan naka ya dawo yana huci. "Na kama shi! Duk netwok ɗinmu yana ƙofar mutumin nan. Zuƙa yake!"

"Don Allah ka rufa mana asiri, ka kira mai gyara."

Ina! Ya lanƙwasa ƙahonnin rauta suka kalli uwar ɗaka. Ya rufe tagogi, ya cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa. Ya lallaɓa ƙofar maƙwabci ya duba: fal!

"Lallai mutumin nan ƙwararre ne," in ji shi.

Ya shiga kicin ya ɗauko babbar tukunya, ya saka rauta a ciki, ya rufe da murfi, wayoyi na reto ta gefe. Ya naɗe tukunyar da bargo, ya tura ta cikin kabad, ya ja ƙyaure.

Matar ta ƙwala masa kira kamar za ta yi kuka. "Yanzu ko rarrafen ma babu! Ya ɗauke gaba ɗaya!"

Ya ruga ƙofar maƙwabci. Fal!

"Shi ke nan, ya kwashe duka!"

Ya hau dukan ƙofa. Ita kuwa ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta kira mai gyara da kanta.

Mai gyara ya iso ya tarar da su a baranda. Maƙwabci na tsaye da tawul a wuya, yana ta ba da haƙuri a kan laifin da bai sani ba. Suka ɗunguma cikin gida.

Mai gyara ya ce, "Ina rautar?"

Mutumin ya buɗe kabad, ya kwance bargo, ya ɗaga murfi. Mai gyara ya sa hannu ya janye da sauri.

"Maigida, wannan ai ta kusa nuna! Dama wayar da ke bayanta ce kawai ta saki, tura ta za a yi. Yanzu kuwa sai ta huce kafin ta tashi."

Matar ta kalli agogo, idonta ya ciko da ƙwalla. Abin gwanin tausayi.

Maƙwabci ya ce, "Haba, kwantar da hankalinki. Nawa yana kamawa nan falon. Kawo in sa miki."

Ya sa mata lambar sirri. Nan take hoto ya washe, kira ya shigo, ta gyara zama ta yi sallama. Mazan suka fice baranda a hankali.

Mutumin namu bai haƙura ba. Ya miƙa wa mai gyara wayarsa yana raɗa. "Injiniya, to wannan fa? Rautata a kashe, amma dubi netwok ɗina a ƙofarsa."

Mai gyara ya duba. Ya sake dubawa.

"Maigida, wayarka ba ta taɓa hawa rautarka ba. Tun can kan ta maƙwabci take."

Maƙwabci ya ce, "Ai ni na sa maka ranar da kuka tare, kafin ka sayi taka."

Mutumin ya karɓi wayarsa. Ya kalli waya, ya kalli maƙwabci, ya gyaɗa kai.

"Shi ya sa! To maƙwabci, ka ɗan matso da rautarka kusa da taga mana. A uwar ɗakana sam ba ta kamawa."