Katin Sirri Mai Faɗin Faifai

Bayan ambaliya ta cinye shinkafar Auyo, ƙungiyar manomanmu ta sa ni yin katin karɓar iri kyauta. Shugabanmu, Kawu Sale, sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada a san masu karɓa, don magidanta na jin kunya. Na yi ɗan kati mai zanen nan da waya ke karantawa. Yana tabbatar da ka cancanta, amma ba ya faɗin sunanka.

Da nan na tsaya, da na tsira. Sai na karanta cewa wata sabuwar na'ura mai ƙarfin gaske, kwamfutar kwantum, in ta zo, za ta iya fasa hatimin sirrin da ke cikin zanen, ta gane masu katin. Na rantse ba a kaina ba.

"Ita kwamfutar tana Haɗeja ne?" in ji Kawu.

"Ba a gama ƙera ta ba tukuna, Kawu."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Mako uku na yi ina sauya hatimin. Ya yi ƙarfi kam, sai dai ya kumbura, zane ɗaya ba ya ɗaukarsa. Na jera zane goma sha biyu a kwali mai faɗin faifai, na raba ina hura hanci.

Ranar rabon iri kowa ya taho da nasa a hammata, wasu a babur, wasu a kwalekwale. Tun daga ƙetaren kogi ake nuna su. Kawu kansa ya iso, nasa yana leƙowa daga babbar riga.

"Ɗana," ya ce, "kwamfutar ba ta gane mu ba. Auyo kaf ta gane."

Har yau ina fama da rage shi, kuma sai na rage. Amma ko shayi na je sha, sai wani ya ce, "Mai Faifai, kwamfutar ta iso ne?"