Sunan Baba a Sama

Matso ki ji abin da na jawo wa kaina a unguwarmu ta Malaz. Shari'ar gonar Baba ta daɗe a kotun jiharmu can gida, lauya ya daina ɗaga waya. Na ce wa maigida, "Biya mini kuɗin shafin nan na lauyoyi a intanet, ni zan binciko hukuncin." Ina ganin sunan Baba a saman na abokin shari'a, na rangaɗa guɗa, mun ci! Na dafa shinkafar kabsa na raba wa maƙwabta. Sai ƙanena ya kira: "Yaya, mai ƙara ake fara rubutawa! Zaman ma an ɗage." Har yau, ko a lifta, sai "Barista, ya kotu?" Fisabilillahi, ke da tsayawa karatu za ki yi?