Gaisuwa a Tsakiyar Tseren Tulu

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da na yi wa manyan Sakkwato wanka da ruwan tulu ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Ina ba da labarin ina rufe fuska da gyale, amma in gaya muku gaskiya, can cikin raina ina jin daɗinsa.

Zamanin Turawa ne, saura kaɗan a ba mu mulkin kai. Ni haifaffiyar Sabon Birnin Gobir ce, amma a Isa na tashi, a hannun wan mahaifina da muke kira Baba Malam, domin mahaifina ya rasu ina goye (Allah Ya jiƙansu duka, Ya sa sun huta). Baba Malam mai makarantar allo ne, ba shi da yawan magana. Gyaran muryarsa kaɗai ya isa ya sa gida ya yi tsit, har kaji su kama kansu. Da aka ce kowace ƙasa ta ba da yara mata a kai makarantar kwana a Sakkwato, ba da son ransa ya ba da ni ba. Ranar tafiya ya ce mini, "Tahi ki koyo abin da za ki koyo. Amma ranar da duk na ji kin zubda tarbiyyar gidan ga, ranar za ki dawo."

Na riƙe maganar nan shekara da shekaru, har ya rage mini shekara guda in gama. Sai aka kawo mana wata Baturiya, doguwa, mai sauri kamar an aike ta, kullum da usur rataye a wuyanta. Mai-Usur muke ce mata a bayan idonta. Ita ba ta da zance sai na motsa jiki. Mu 'yan makaranta ta riga ta same mu a hannu, da sassafe muna tsalle muna ɗaga hannu sama kamar masu kakkaɓo magarya. Amma hakan bai ishe ta ba. So take 'yan matan cikin gari su ma su riƙa zuwa filin makaranta da yamma, a yi guje-guje da wasan ƙwallo, wai zaman wuri ɗaya na kawo ciwo. Ta bi unguwa-unguwa, ita da wata tsohuwa mai yi mata tafinta, tana lallashin iyaye.

Mutanen birni kuwa suka dube ta da mamaki. Wata tsohuwa ta ce mata, "Uwar ɗaki, mu nan mutum bai gudu sai in an koro shi, ko shi ya koro wani. To wa ya koro ɗiyanmu?" Waɗanda suka zo filin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, su ma kallo ya kawo su.

Da ta ga haka, sai ta shirya ranar wasa. Aka kewaye fili da zana, aka ce mata su zo, aka kafa wa dattawan gari rumfa a gefe domin su gani da idonsu cewa babu rashin kunya a cikin abin. Samari kuwa ko leƙe ba a yarda ba. Babban wasan ranar shi ne tseren tulu: a ɗora miki tulu cike da ruwa a ka, ki tafi ƙarshen fili, ki kewaye turke, ki dawo. Wadda ta riga isowa da ruwanta, ita ta ci.

Ana cikin shiri sai ga saƙo daga Isa ta bakin wani mai fataucin albasa. Wai labari ya kai wa Baba Malam cewa 'yan makaranta sun koma tsalle-tsalle kamar masu bori, don haka yana nan tafe ya gane wa idonsa. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, ƙafarsa ƙafata sai Isa. Na yi kuka a kan sallaya, na roƙi Allah Ya rufa mini asiri, domin ina son karatun nan kamar raina. (Na kuma roƙa a asirce Allah Ya sa gulbi ya cika ya tare hanya. Na daɗe ina istigfari a kan wannan.)

Ranar ta zo. Na leƙa rumfar dattawa tun daga wannan gefe har wancan, babu Baba Malam. Damina ce, hanyar mota ta lalace, na ce shi ke nan, addu'a ta ci. Nan take girman kai ya hau ni. Ni da na tashi ina ɗauko ruwa daga gulbin Bunsuru, ina hawan gaɓa da tulu a ka ba tare da na dafa ba, su wa za su kara da ni? Na dubi 'yan matan birni da aka samu suka shiga, na gyara gammona, na ce musu, "Ku dai ku yi ta kallon bayana, shi kaɗai za ku gani yau." Wata 'yar mai fura da ke kusa da ni, Ige sunanta, ta ce, "To Bagobira, baki dai bai ɗaukar tulu."

Mai-Usur ta busa usur. Wallahi na tafi kamar ruwa a gangare. Wuyana a miƙe, hannuwana a sake, tulu zaune a kaina kamar nan aka gina shi. Na kewaye turke sauran ba su ko kusa ba. Ina jin mata na ta sowa, ina jin Mai-Usur na ihu da Hausarta mai gargada, "Da kyau! Da kyau!" Hanyar dawowa kuwa ta gaban rumfar dattawa ta bi.

Ina daidai tsakiyar rumfar nan sai na ji gyaran murya.

Ko cikin barci na san wannan gyaran murya. Na saci kallo, sai ga Baba Malam zaune a bakin tabarma, gefen rigarsa duk taɓon hanya, ashe isowarsa ke nan. Ni dai ban yi shawara da gwiwoyina ba. Tun da aka haife ni ban taɓa wuce Baba Malam a tsaye ba, su ma gwiwoyin sun san haka. Kafin in ankara har na kai ƙasa, durƙushe, tulu a ka, ko ɗigo bai zuba ba.

Na ce, "Baba, sannu da zuwa. An zo lahiya?"

Ya ce, "Lahiya lau."

Na ce, "Ya gajiyar hanya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida? Ya Inna?"

"Suna gaishe ki. Akuyarki ma ta haihu, biyu."

Na ce, "Madalla, Allah Shi raya."

Ige ta wuce ni fuu, ruwa na fantsama. Wata ta wuce, wata ma ta wuce. Mai-Usur na can tana tsalle tana busa usur kamar zai fashe, tana cewa, "Tashi! Tashi! Gudu!" To yaya za ni tashi, babba bai sallame ni ba? Ita ba ta san wannan ba, baiwar Allah.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma kusa da Baba Malam akwai wani dattijo mai ƙaton rawani da farar riga fes, daga ganinsa cikin manyan birni yake. Ya ce, "Malam, ɗiyarka ce?" Baba Malam ya ce, "Ɗiyata ce. Ke, gaishe da babanki." Na juya a kan gwiwa na fuskance shi. Kun san baƙon babba ba a gaishe shi kai a miƙe. Na manta sarai da abin da ke bisa kaina, na sunkuyar da kai cikin ladabi na ce, "Allah Shi gafarta..."

Ban ƙarasa ba. Tulu ya tuntsuro, ruwan nan gaba ɗaya ya sauka a cinyar dattijon, ya jiƙa farar rigar tun daga ƙirji har ƙasa, ya bi tabarma ya shiga ƙarƙashin na kusa da shi. Dattawa suka yi ta tattara riguna suna salati. Tulun kuwa ya gangara cikin rairayi ya tsaya, ko tsagewa bai yi ba, marar kunya.

Na ce a raina yau karatu ya ƙare, gobe war haka ina kan hanyar Isa. Na so ƙasa ta tsage. Hawaye suka cika mini ido, gammo na nan a kaina kamar hular wawan sarki.

Dattijon nan ya dubi rigarsa, ya kama hannunta ya matse, ruwa na tsiyaya. Sannan ya juya wajen Baba Malam ya ce, "Malam, ashe Gobirawa har yau ba ku huce ba? Yaƙin da munka ci ku Alƙalawa tun zamanin kakanni, shi ne kunka turo ɗiya ta rama?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Ni kuwa ranar na fara ganin haƙoran Baba Malam a bainar jama'a. Ya ce, "Ranka shi daɗe, da ramuwa ce, ai da ba ruwan sanyi za mu kawo ba." Dariya ta ƙaru, har masu tari. Sai ya dube ni, ya murtuke fuska kamar ba shi ya yi dariya ba, ya ce, "Ke kuma zaman mi kike yi? Ɗiyar Gobir ba ta barin fage. Ɗauki tulunki ki ida abin da kinka faro."

Na ɗauki tulun nan wayam, na aza a ka, na ruga ni kaɗai a fili, kowa ya riga ya kai har ya huta. Ina gudu ina kuka, majina da hawaye. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, kai ka ce amarya aka kawo. Ige da ta ci tseren ta tarye ni tana dariya ta ce, "Kin yi gaskiya, Bagobira, mun ga bayanki. Durƙushe!"

Mai-Usur fuskarta ta yi ja kamar gauta, tana ganin na rushe mata aikin wata da watanni. Sai ga dattijon nan ya sa a kira ta, da jiƙaƙƙiyar rigarsa, a gaban kowa ya ce, "Uwar ɗaki, tsoronmu dā shi ne gudun ga ya fitar wa ɗiyanmu da kunya daga ido. To in irin wagga yarinya gudun ke haifarwa, jikokina na nan tahe." Kuma sun zo. Kafin kaka filin ya cika da 'yan matan birni har ƙwallo ta yi mana kaɗan, aka koma yin ta tsumma.

Bayan la'asar Baba Malam ya sa aka kira ni bakin zauren makaranta. Na durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce, "Zamna ki ida karatunki. Amma in an sake tsere kinka gan ni, na yahe gaisuwar sai kin kai."

Na gama karatuna lafiya, na yi aure a Sabon Birni, kuma duk ɗiyan da Allah Ya ba ni, mata da maza, babu wanda na hana gudu. Abu ɗaya kawai nake gaya musu: ladabi ba ya ɓata wa mutum rana, amma in za ki sunkuya wa babba, fara tuna abin da ke bisa kanki.