Doka Ta Tara Da Hannun Baba Istifanus

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta shekarar da ta wuce ba, kuma ko da na so mantawa, ɗalibaina ba za su ba ni dama ba. Amma kafin in kai ga ranar, ya kamata in faɗi abin da na yi imani da shi tun ina yaro har furfura ta fara fito mini: duk wanda ya saba matsa yatsunsa suna yin ƙas-ƙas, to tsufa zai same shi da amosanin gaɓoɓi, yatsun su kumbura, su karkace, har ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Ban riƙe wannan a matsayin zato ba. Na riƙe shi kamar yadda na riƙe cewa kogin Kaduna cikin Neja yake zuba.

Daga mahaifina na gaje shi. Magatakardan kotu ne, mutum mai tsari, wanda ko tari ba ya yi sai da dalili. Idan ya ji ƙas daga inda muke zaune, ba ya ɗaga kai daga takardarsa, sai dai ya ce, "Ci gaba, za ka neme su wata rana." Malamin allonmu kuma ya hana mu yi a cikin salla, wanda wannan maganar ladabi ce, ba ta asibiti ba. Ni ne na haɗa biyun na dama su wuri guda, na tafi jami'a da su, na dawo da su ba tare da ko ɗaya ya girgiza ba. (Labarin ƙasa na karanta, in ce ko kun fara tunanin likita ne ke magana. Na san sunan duwatsun da ban taɓa hawa ba, amma ban san abin da ke cikin gaɓar yatsana ba.)

Da aka ba ni muƙamin mataimakin shugabar makarantar sakandaren da nake koyarwa a nan Barnawa, aka ce in tsara dokokin da za a rubuta a babban allon da ke bakin ƙofa. Na tsara guda goma sha biyu. Doka ta tara ta ce an haramta matsa yatsu a aji, a filin taro da ko'ina cikin harabar makaranta. Wanda aka kama, tsintar ledar ruwa ce hukuncinsa. Shekara bakwai harabarmu tana fes, kuma na san wace doka ce ta share ta.

Ba da ka nake magana ba, a ganina. Ina da hujja mai rai, tana zaune katanga ɗaya da ni. Baba Istifanus maƙwabcina ne, mutumin Filato, ya haura saba'in, tsohon ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ne tun lokacin da jiniyarsu ke tashin rabin gari. Da masaƙar ta rufe, sai ya koma gyaran kekunan ɗinki a ƙofar gidansa. Ranar Kirsimeti shinkafarsu da kaza ke fara shigowa gidana, ranar Salla kuma naman gidana ke fara shiga nasu. Yatsu uku na hannunsa na hagu a lanƙwashe suke, sun ƙage kamar ƙugiya. Kuma duk lokacin da ya gama ɗaura keke, sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, har daga cikin falona.

Ga ƙara, ga karkatattun yatsu. Me ya rage wa mai digiri ya bincika?

Ban taɓa tambayarsa ba. Wannan shi ne tushen abin, kuma a lokacin ladabi na ɗauke shi. Yadda aka rene mu, ba ka zura wa babba ido a inda jikinsa ya samu matsala, balle ka ce, "Me ya same ka a nan?" Don haka shekara goma sha ɗaya ina gaishe shi ina kallon fuskarsa, ina kau da kai daga hannun. Kunya ta hana ni tambaya, amma ba ta hana ni kafa misali da shi ba. A aji nakan ce, "Ina da wani maƙwabci dattijo," in lanƙwashe yatsuna uku in ɗaga sama. Yara su yi tsit. Ina jin daɗin wannan tsit ɗin ƙwarai.

Da taron iyaye da malamai ya matso, shugabar makaranta ta ce a ware rabin awa don faɗakarwa kan lafiya, kuma ta damƙa mini. Nan wata dabara ta faɗo mini, irin wadda mutum ke yi wa kansa murmushi a madubi saboda ita. Maimakon in lanƙwashe yatsuna, me zai hana in kawo na asalin?

Na same shi da la'asar yana zuba wa wani keke mai. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, na yi maganar ruwan sama, na yi maganar ramin da ke kan layinmu, sannan na ce, "Baba, wata alfarma nake nema. Ina so ka zo makarantarmu ranar Asabar, yara su ga hannun nan, su ji yadda aka yi, ko sa kiyaye."

Ya ajiye kwalbar man, ya dube ni na ɗan lokaci.

"Malam, ka san shekara nawa rabon da wani ya ce in ba da labarin hannun nan?" Ya girgiza kai. "Zan zo. Yaran yanzu gaggawa ta yi musu yawa. Gara su ji."

Na dawo gida ina tafiya kamar wanda aka ƙara wa girma. Matata Hajara tana tsinkar zogale ta saurare ni har na gama.

"Malam, ka dai tambaye shi ko?"

"Tambayar me? Ai da bakinsa ya ce gara su ji."

"Ni dai na ce ka tambaye shi?"

Na bayyana mata, cikin haƙuri irin na malamai, cewa akwai abin da mai ilimi ke ganewa ba sai an faɗa masa ba. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta ci gaba da zogalenta. (Shekara ashirin da biyu da aure, har yau ban koyi jin tsoron wannan addu'ar tata a kan lokaci ba.)

Ranar Asabar zauren ya cika. Iyaye daga Kakuri, Narayi, Kamazou har Gonin Gora suna kujerun gaba, ɗalibai a baya, wasu sun leƙo ta tagogi. Baba Istifanus ya iso cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, takalmi yana ƙyalli, da wata tsohuwar ambulan a aljihun gaba. Na lura da ambulan ɗin, amma ban ba ta muhimmanci ba.

Na yi jawabin minti goma sha biyar. Na zana gaɓa a allo, wadda na tabbata yanzu ta fi kama da mahaɗar koguna biyu. Na ce duk ƙas ɗin da kuka ji, ƙashi ne ke gugar ƙashi, kamar turmi da taɓarya. Na ga wata mata a layi na biyu tana gyara zama tana ɗaga gira, na ɗauka jawabin ne ke ratsa ta. Daga nan na sassauta murya.

"Iyaye, ɗalibai, yau ba zan ce ina da wani maƙwabci ba. Ga maƙwabcin nan. Baba, don Allah ɗaga musu hannun."

Ya miƙe, ya ɗaga.

"Wannan," na ce, ina nuni da alli, "shi ne ƙarshen mai matsa yatsu."

Zauren ya yi tsit ɗin nan da nake so. Sai dai Baba bai sauke hannun ba, kuma ba yara yake kallo ba. Ni yake kallo. Ya miƙo hannun dama, na ba shi makirufo da kaina, da hannu biyu, saboda ladabi.

"Malam," ya ce, "wa ya gaya maka?"

Gaskiyar amsar ita ce babu kowa.

"Ni na ɗauka labarin injin saƙa zan bayar." Ya ciro wani katin aiki da ya koɗe daga ambulan ɗin ya nuna. "Ina da shekara talatin da ɗaya, zare ya sarƙe a injina, saura kaɗan a tashi aiki. Doka ta ce ka kashe inji kafin ka sa hannu. Na ce ai yanzu-yanzu zan zare. Injin ya riga ni. Wata biyu na yi a asibiti." Ya juya hannun a hankali don na baya su gani. "Wannan hannun, tun ranar bai ƙara yin ƙas ba. Ko na so ba zai yi ba. Wanda nake matsawa kullum safe da yamma, tun ina saurayi, ga shi."

Ya saƙale makirufon a hammata, ya ɗaga hannun dama. Yatsu biyar miƙaƙƙu, ba kumburi, ba karkata, hannun da ke zura zare a allurar keke ba tare da tabarau ba. Sannan ya kawo shi daidai bakin makirufo, ya sa babban yatsa ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Lasifikarmu, wadda ta saba ƙin aiki duk ranar da ake buƙatarta, ranar ta fitar da kowace ƙara tas har bakin titi.

Ban san wanda ya fara ba. Daga can baya aka ji ƙas ɗaya, sai biyu, sai zauren gaba ɗaya ya ɗauka kamar ana soya gurguru. Shekara bakwai na ƙas-ƙas da aka danne suka fito lokaci guda. Na hango wani uba mai babbar riga yana yi a ƙarƙashin hannun rigarsa. Shugabar makaranta ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

Na yi abin da bai kamata ba: na nemi tsira. Na ce, "To, ko da na Baba inji ne, ai likitoci sun tabbatar..."

Matar nan ta layi na biyu ta ɗaga hannu. Ashe Sista Rifkatu ce, uwar wata ɗalibarmu, ma'aikaciyar jinya a ɓangaren ƙashi.

"Malam, ka yi haƙuri fa, ba su tabbatar ba," ta ce. "Akwai ruwa a cikin gaɓa, kamar man da Baba ke zuba wa keke. In ka ja yatsa, kumfar iska ce ke samuwa a cikin ruwan, ita ce ƙarar. Ba ƙashi ke gugar ƙashi ba. An duba masu yi da marasa yi, ba a ga yana kawo amosani ba. Amosani ya fi bin shekaru, da gado, da tsohon rauni. In dai mutum ya ji zafi ko ya ga kumburi, wannan daban ne, ya zo mu gani. In kuma ƙarar ce ke damun ka, sai ka ce tana damun ka. Ni ma tana damu na." Ta zauna, sannan ta ƙara da cewa, "Kuma 'yata ta tsinci leda sau huɗu."

Na rufe taron da addu'a mafi gajarta a tarihin makarantar.

Dariyar ba ita ta fi ci mini rai ba. Malami da dariyar ɗalibai sun saba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda na ga Baba yana mayar da katin nan cikin ambulan, a hankali, labarinsa ko rabi bai kai ba. Mutumin ya goge takalmi, ya nemo katin da ya adana shekara da shekaru, yana murna an tuna da aikin da ya ci masa yatsu uku. Ni kuwa na tsayar da shi gaban jama'a a matsayin wanda wasan banza ya lalata wa hannu.

Washegari da yamma, bayan sun dawo daga coci sun huta, na shiga gidansa na cire hula na zauna ƙasa da kujerarsa. Na ba da haƙuri da dogayen jimloli. Ya bar ni har na ƙare.

"Shekara nawa kana ba yara labarina?"

"Bakwai, Baba."

"Bakwai! Ashe na yi suna ban sani ba." Ya yi dariya har da tari, sannan ya tsaya. "Amma Malam, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da ka leƙo ka ce, Baba me ya sami hannunka, da cizon ka zan yi?"

"Kunya na ji."

"Kunyar tambaya ka ji, ba ka ji ta faɗa ba."

Na ce haka ne. Sannan, a karon farko cikin shekara goma sha ɗaya, na dubi hannun sosai na ce, "Baba, yaya aka yi?" Ya gyara zama. Sai da aka kira magariba na tashi, kuma ko asibiti ba mu kai ba a labarin. Da na shiga gida, Hajara ta dai zuba mini tuwo ya fi na kullum, wanda a wurinta wannan ma magana ce.

Abin da na koya, in har na koya, shi ne in riƙa tambaya kafin in ɗaga alli, musamman a kan abin da na fi tabbata da shi. Har yanzu ƙarar nan tana sa ni runtse ido, kuma a ajina nakan roƙi a bari, da sunan kunnena kawai.

Baba Istifanus ya dawo makarantar a zango na gaba ya ba ɗaliban ajin ƙarshe labarin injin saƙa daga farko har ƙarshe, ni na riƙe masa makirufo. An shafe doka ta tara da farin fenti, har yau allon daga takwas yake tsallakawa zuwa goma. A daminar bana kuma yatsana na tsakiya ya fara tsami da safe, a hannun da ban taɓa matsawa ba ko sau ɗaya. Sista Rifkatu ta duba ta ce shekaru ne da gado.