Ranar da Ƙudaje Suka Haihu da Fenti

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na nemi aikin ƙirga ƙuda a Doguwa, kuma tun yanzu ku sani, wawan labarin nan ni ne. Lokacin Bature bai tafi ba. Aji uku na yi a elemantare, amma in ka ga alƙalami a kunnena sai ka rantse ni na rubuta dokar ƙasa.

Wani malami ne ya zo daga Zariya, mai koyar da aikin injiniya, muna ce masa Injiniya. In an yi hutu, wai ƙudan tsando yake ƙirgawa da lissafi, ƙudan nan mai kashe shanu. Mutum ɗaya zai ɗauka aiki, mu uku muke nema. Ni kuwa na riga na shaida wa surukina na samu (har ya yanka mini zakara).

Ya zaunar da mu a gindin ɗorawa, da Arɗo Jaɓɓi mai shanun yankin, Injiniya yana zane a ƙasa yana mana bayani. Za mu kama ƙuda sittin, a ɗiga musu farin fenti a baya, a sake su. Bayan kwana biyu mu sake kamu. In an sami mai fenti ɗaya cikin goma, to ƙudan kurmin sun ninka sittin sau goma ke nan.

"Kun gane?"

"Sarai, ranka ya daɗe!" Ni na fi kowa ɗaga murya. Abin da ya shiga kaina ɗaya ne: mutumin nan masu fenti yake so.

To, na ɗaura ɗamara. Na lakato fenti a ɓawon gyaɗa na ɓoye. Ran kamu na kutsa kurmi tun hantsi, ƙaya ta yage mini wando, ƙuda suka yi walima a wuyana, ban fasa ba. Wanda na cafke duk sai na ɗiga masa da tsinke.

Abokan takarata suka kawo masu fenti uku da biyar. Na zazzage goran da na tara nawa a gaban jama'a ina ƙasaita. Injiniya ya ƙirga, ya cire tabarau ya goge, ya sake ƙirgawa.

"Malam Iro, masu fenti sittin muka saki. Tamanin ka kawo."

A nan mai hankali zai yi shiru (darasin da na koya ke nan, bayan aikin ya tafi hannun wani). Ni sai na gyara alƙalami na ce, "Ranka ya daɗe, ai hayayyafa suka yi."

Arɗo ya jingina da sandarsa ya dube ni.

"Malam, shekara talatin ina tsaga kunnen shanuna. Har yau ba wadda ta haifo mini maraƙi da tsagaggen kunne."