Zangon da Aka Ba Ni Rubutun Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da zangon da aka naɗa ni mai duba rubutun ɗalibai 'yan'uwana, aka kuma haɗa mini da surukina a ciki.

Kwalejinmu tana da reshe a Gaya, inda malaman firamare ke zuwa Asabar da Lahadi neman takardar da aka ce yanzu dole sai da ita. A shekarar aka fito da sabon tsari: kowane kwas na rubutu a saka masa ɗalibin da ya ci shi da kyau bara, ya zauna cikin ajin, a ba shi rukuni, ya riƙa bin jingarsu tare da su kafin ta kai hannun malama. Ni aka zaɓa (ban yi mamaki ba, a lokacin babu yabon da ke ba ni mamaki).

Malama Binta na karanta sunayen rukunina, wani dattijo ya ɗaga hannu daga bencin baya. Mahaifin matata ne. Tun kafin a haife ni yake koyarwa a Gafasa, kuma an ba shi wa'adi: ya kawo takardar kafin ƙarshen shekara, ko ya ajiye alli. Kwas ɗin nan kaɗai ya rage masa.

Ƙa'idar aikin ita ce ku zauna benci ɗaya, ka karanta rubutun a fili, duk inda ka ɓace ka tsaya ka ce, "Me kake nufi a nan?" Ni kuwa ko ruwa ban taɓa sha a gaban mutumin nan ba. Na so in roƙi a canja masa rukuni, sai na tuna yadda labarin zai isa Gafasa: yaro ya samu muƙami ya ƙi surukinsa. Na cire takalmi, na tsuguna a gindin bencin, na karɓi takardun da hannu biyu.

Tambayar ita ce me ke raba yara da makaranta da damina. Baba ya fi kowa a ajin sanin amsar. Amma rubutun ya buɗe da godiya ga hukumar kwaleji, ya ratsa tarihin Gafasa, ya tsaya yi wa wani tsohon hedimasta addu'a. Sai a can ƙarshe yaro na farko ya leƙo cikin rubutun.

"Yaya ka gani, Malam?" (Malam yake ce mini, shi ma kunyar ba ta bar shi ba.)

"Ya yi, Baba. Madalla."

"Ka dai duba. Ba kara na zo nema ba."

"Ya yi sosai, Baba."

A gida na ce wa matata ta faɗa masa ya yanke duk farkon nan. Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Ni? In ce wa Baba ya yanke? Kai da aka ba aikin fa?" Da na matsa, ta gaya wa mahaifiyarta cewa akwai ɗan abin taɓawa a farkon. Ita kuma Inna ta ce masa yaron nan yana ganin farkon yana son a ƙara kula da shi. Baba ya kula da shi. Ya ƙara masa tarihin zuwan boko ƙasar Kano.

Ranar miƙa jinga, Malama ta ajiye kujeru biyu a gaban aji, ta kira mu, rubutun na hannunta.

"Zauna," ta ce da ni.

"Malama, nan ƙasa ma ya yi."

"Kujera na ce. Karanta sakin layi na farko, ka faɗa masa matsalarsa."

Na ɗosana a bakin kujerar, na karanta. Na kai aya. Na ci gaba da kallon ayar. Ni da nake yi wa sauran 'yan rukunin laccar haɗin jimla har su gaji, aka nemi kalma ɗaya a bakina aka rasa.

Wata yarinya 'yar Kademi ta ce, "Malama, surukinsa ne fa!"

Aji ya fashe. Wani daga baya ya ce, "A kawo wa ango tabarma!"

Baba bai yi dariya ba. Ya tambayi Malama ko akwai sauran lokacin gyara. Ta ce da tun farkon zango aka faɗa masa, da akwai. Sai ya juyo, karo na farko ya dube ni ido cikin ido.

"Malam, tun ranar farko ka gani?"

"Na gani, Baba."

"To. Allah ya yi albarka."

Ya faɗi kwas ɗin, wa'adin kuma bai jira shi ba. Yanzu gonarsa yake zuwa, ta bayan makarantar, don kada yaran su tare shi da gaisuwa. Bai taɓa tayar da maganar ba, kuma da ya tayar da na fi samun barci.

Abin da na koya shi ne, kana iya raba mutum da aikinsa cikin tattausar murya, kanka a sunkuye. Har yau a Gafasa, in ana yi wa samari faɗa a kan ladabi, da ni ake ba su misali.